Kundin Aikin Angulu a Bakin Gulbin Maraɗi

19 ga Oktoba, 2024

Yau muka raba aiki. Ba mu da yawa: ni da ke koyar da kimiyyar halittu a kwaleji, wani tsohon mushen daji, wato ma'aikacin kula da gandun daji, da ya ajiye aiki, 'yan ɗalibai daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai wani mahauci wanda shi ne ma ya tada zancen tun farko. Shi ya tare ni a bakin teburinsa ya ce, "Mushe, ku da kuka yi karatu, ina angulu ta shiga?" Duk wanda ya ba arba'in baya a garin nan ya san lokacin da angulu ke yawo a kwata kamar kajin gida, ana fiɗa tana tsaye tana jiran rabonta, sai an aje yaro da sanda. Yaran da nake koyarwa yau, da yawansu a karin magana kaɗai suka santa.

Abu biyu muka ɗora wa kanmu. Ƙidaya a kwata da sassafe, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, don lissafin wannan wata ya hau kan na wancan. Sai neman sheƙa a manyan itatuwan bakin gulbi, daga Tsibiri, a bi ta Jiratawa, har tafkin Madarunfa. Yanzu ne lokacinsa, an yanke gero, gonaki sun buɗe, kuma da ɗaukewar damina angulu ke fara gyaran gida.

Abin ba Maraɗi kaɗai ya ci ba. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin sawunsa a 2003 da 2004. Ya tarar manyan mikiyoyi sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun daji, angulun gari kuma ta ragu da kusan rabi. Ba ta farfaɗo ba tun daga nan, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya.

2 ga Nuwamba

Ɗalibai sun dawo da takarda cike da lambobi, ashe rabinsu shirwa suka ƙirga. Mahaucinmu ya gyara musu a taƙaice: shirwa wutsiyarta a tsage take, sura take yi ta wuce, angulu kuwa sai ta sauka ta taka ƙasa.

Ɗaya ta sauka bayan katangar da ake zubar da ƙazantar tumbi, na samu na dube ta da madubin hangen nesa yadda ya kamata. Fuskarta ba gashi, fatar ja-ja mai haske. Da wani hankaka ya matso zai raba ta da abin da take ci, sai fatar ta rine ta yi jawur nan take, da ya ja baya ta koma yadda take. Bakinta siriri ne dogo, irin wanda ke shiga tsakanin haƙarƙari ya tsinto abin da babbar mikiya ba ta iya kai wa. A ƙeyarta akwai gashi mai laushi, fari-fari. Wadda ba ta balaga ba ƙeyarta baƙa-baƙa ce, fuskar ma ba ta yi ja ba, kuma na ce wa ɗalibai su riƙa rubuta waɗannan a layi dabam. In kullum manya muke gani, to ko ba a haihuwa, ko ana haihuwa 'ya'yan ba sa kai wa tashi.

Na yau duk manya ne, yatsun hannu ɗaya sun ishe su. Da wani yaro ya nufo da bokiti, tun yana nesa suka tashi. Mahaucin ya girgiza kai ya ce, "Da ko shuri ka kai mata, tsalle ɗaya take yi ta dawo." Tsuntsu ba ya koyon gudun mutum haka kawai.

23 ga Nuwamba

Mun sami sheƙar farko. Kallon sama bai ba mu komai ba, 'yan kiwon awaki da mata masu neman icce su suka san kowane gindin itace. Wata dattijuwa ce ta ce mu duba inda ƙasa ta yi fari da kashin tsuntsu a ƙarƙashin wani tsohon gawo, kudu da gari. Sheƙar tana can cikin babbar gwafa, a ƙarƙashin inuwar rassa, tarin ƙirare ne, a bakinta ana hango ɗanyen ganyen da suka shimfiɗa. Ɗanyen ganye shi ne shaidar cewa gidan da rai bana.

Mai gonar tsoho ne, muka same shi yana ɗaurin kara. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, tun yaushe take nan?" Ya ce, "Ɗana, ni na gaji wagga gona da ita a bisa. Ba ni sonta, ba ni korarta." Wannan amsar ta ishe mu fara aiki.

Mun yanke shawara ba za mu rubuta sunan ƙauyen ba, ba za mu shafa wa itacen fenti ba, hoton wurin ma ba zai shiga WhatsApp ba. Wani ɗalibi ya so ya yi gardama, wai aikin da ba a nuna ba kamar ba a yi ba ne. Tsohon mushen daji ya ce masa mai sayen kan angulu ma yana da waya.

Ga dalilin da ya sa sheƙa ɗaya take da wannan nauyi. Angulu ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci wajen kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashi ma su ci gaba da ciyar da shi wasu watanni. Wanda ya kashe babba ɗaya cikin sanyi, rai biyu ya ɗauka, kuma kafin a maye gurbinsu sai an yi shekaru.

14 ga Disamba

Kasuwa, wajen 'yan shimfiɗa. A tabarma akwai saiwoyi da sassaƙe, ƙayar beguwa, fatar damo, busasshiyar hawainiya, ƙahonni. Kan angulu ba a baza shi, sai an tambaya, kuma sai mai tambayar ya yi kama da mai saye. Mahaucinmu ne ya gabatar da mu ga wani dattijo da suka daɗe da sanin juna, shi ya sa aka ba mu wurin zama.

Bai ɓoye mana ba. Masu nema, in ji shi, akwai mai son sa'ar kasuwa, akwai mai neman kujera, akwai mai son a duba masa abin da ke ɓoye, akwai wanda aka ce ɗansa iska ta taɓa shi. Na ce, "Malam, kai ka yarda tana yi?" Ya yi dariya ya ce, "Mushe, ni ban taɓa zuwa daji neman angulu ba. Mai so shi ke zuwa da kuɗinai." Ya ƙara da cewa a zamanin ubansa kan angulu ba ya cikin kayan kuɗi, don ko yaro yana iya samo shi. Yanzu sai an ba da saƙo an jira.

Nan gizo ke saƙa. Dabbar da ake farauta don nama, in ta yi ƙaranci maharbi kan gaji ya koma ga wata. Angulu kuwa duk sanda ta ragu kuɗinta ke ƙaruwa, kuɗin kuma shi ke kiran wanda zai yi tafiyar kwanaki ya nemo ta. Ba ta samun sararin da za ta farfaɗo. Ba kuma bindiga ce ta fi yi mata ɓarna ba. Nama ake barbaɗa wa maganin ƙwari a aje, a tsaya nesa, a zo a kwashe. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a 2016, a kan angulaye da mikiyoyin da aka tarar a mace a ƙasashen Afirka, ya ɗora kashi 61 cikin 100 a kan guba, kashi 29 a kan cinikin sassan jikinsu. A Gini Bisau, farkon 2020, angulu fiye da 2,000 aka kashe da guba cikin 'yan makonni, da yawa an tarar an sare musu kai.

Cinikin ba ya tsayawa a kan iyaka. Akwai wani ɗan farar angulu da masu bincike suka ɗaura wa na'urar bin sawu a Girka a 2013, suka sa masa suna Paschalis. Ya ƙetare teku da Sahara lafiya, ya iso kudancin Nijar, a 2014 aka harbe shi don a kai shi kasuwa a Najeriya. Na'urar ce ta tona abin da ya faru. Na ba dattijon wannan labari, ya yi shiru, can ya ce, "Baƙo ne ke nan aka kashe."

Dokar farauta mai lamba 98-07, ta Afrilun 1998, ta hana taɓa angulu. Shi bai taɓa jin ta ba. Mun faɗa masa, amma ba da ita muka buɗe hira ba, kuma ina ganin daidai muka yi. Wanda ya shiga rumfar 'yan shimfiɗa da takardar doka a hannu, kayan ne kawai za su koma ƙarƙashin tabarma, cinikin ya ci gaba, mu kuma a rufe mana ƙofa.

5 ga Janairu, 2025

Hazo ya rufe gari, ƙidayar kwata ba ta yiwu ba. A gawon Baba ana kwanci, mun ga ɗaya ta sauka ɗaya ta tashi. An nuna mana wata sheƙa ta biyu a kan tsamiya, kusa da hanyar Madarunfa. Wannan ba mai gona a kusa, gonar 'yan gado ce da ba a raba ba.

28 ga Janairu

Ƙwan gawo ya ƙyanƙyashe. Ba mu ga ɗan ba, amma mun ga babba ta sunkuya cikin sheƙa tana amayo abinci, kuma ba a yi wa ƙwai haka.

Tsohon mushen daji ya dawo daga arewa, ya kwana biyu wajen tsofaffin abokan aikinsa a Bermo, bakinsa cike da labarin Gadabeji. An keɓe wannan gandu tun 1955, hekta 76,000, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerinta na wuraren kare halittu a 2017, amma fari da farauta sun riga sun share shi: mariri ya tafi, jimina ta tafi, raƙumin dawa ya yi kusan shekara 50 ba a gan shi ba. A Nuwamban 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota aka sauke su can. Sun zauna, har sun fara haihuwa. Irin nan nasu a Nijar kaɗai ya rage a duniya. A 1996 guda 49 ne, kafin 2018 sun haura 600.

Abin farin ciki ne, kuma ya nuna cewa in an tsaya wa dabba tana dawowa. Sai dai raƙumin dawa yana da kyan gani, ana zuwa daga Turai a ɗauki hotonsa, yana da babbar mota da likitoci. Angulu ba wanda zai ɗauko ta a mota. Ba a gandu ta fi zama ba ma balle a kewaye ta, a gefen mutum take rayuwa, kwata, juji, bayan gari. Abin da zai kare ta yana hannun mahauci da mai gona da makiyayi.

16 ga Fabrairu

Rigimar da muke jiran zuwanta ta zo. Jikan Baba ya bugo waya: wani saurayi makiyayi ya hau gawon da barandami. Kafin mu isa Baba ya riga ya sauko da shi, amma an datse manyan rassa biyu ta gabas, rana tana shiga sheƙar da hantsi.

Ban ga laifin yaron ba sosai. Gawo itace ne mai yin abinsa a juye, da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Shi ya sa manomi ke son sa, ba ya yi wa gero inuwa, kuma ƙarƙashinsa ya fi ko'ina albarka. Shi ya sa angulu ke zaɓarsa, yana da inuwa daidai lokacin da take reno. Shi ya sa kuma makiyayi ke hawa, don daga yanzu har saukar ruwa shi ne ɗanyen abu kaɗai da bisashe za su samu. Uku suna son itace ɗaya a wata ɗaya.

Aka zauna a ƙofar mai gari, da arɗo da Baba da mu. Na fara bayanin ƙwai ɗaya a shekara, mai gari ya saurara, sa'an nan ya juya zancen yadda ni ba zan iya ba. Ya ce, "Arɗo, yaranka suna hawan iccen da shamuwa ta yi gida?" Arɗo ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai taɓa shamuwa?" Ya ce to ba soja ke gadinta ba, kowa ya tashi ya tarar ba a taɓawa. Abin da aka tsayar: itacen da ke da sheƙa ba a hawansa sai ɗan ya tashi. Ƙananan rassa a jawo su da ƙugiya daga ƙasa. 'Ya'yan gawon da suka zubo, waɗanda Baba kan tara ya kai kasuwa a buhu, ya bar wa bisashen arɗo na bana.

Wani ɗalibi ya raɗa mini ko mu ba Baba ɗan wani abu, ko da jika biyu ce. Na hana. Ranar da aka ji sheƙar angulu tana kawo kuɗi, an sa mata farashi ke nan, kuma mai sayen kai ya fi mu aljihu.

A hanyar dawowa mun ratsa gonaki cike da sabara da kalgo da matasan gawo, aikin sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗawa tare da manoman Maraɗi a 1983: kada a tumɓuke kututture, a bar masa 'yan tsiro masu ƙarfi a gyara su. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace miliyan 200 suka dawo a Nijar ta wannan hanya, kuma tun 2020 akwai dokar da ta ba manomi iko a kan itacen da ya rena. Aiki ne babba. Amma in ka duba da idon angulu, yawancin waɗannan itatuwa ba su isa ba tukuna. Ita dogo take so, mai kaurin gwafa, wanda ya yi shekaru gommai. Tsofaffin tsamiya da maɗaci da gawo suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, matasan kuma da sauransu. Sai an riƙe tsofaffin har ƙananan su kawo ƙarfi.

9 ga Maris

Azumi ya sa mun rage yawo, amma yau dole muka fita. A bayan wani ƙauye karnuka sun addabi awaki, wani ya zuba maganin ƙwari a mushen jaki. Mun tarar da karnuka a mace, da hankaki, da shirwa, da angulu ɗaya, ƙafafunta a dunƙule, ƙudajen da suka sauka a wurin ma sun zube. Mun haƙa rami mai zurfi mun binne duka, hannu cikin leda.

Wanda ya yi ba da angulu yake ba, ya ma ce bai san tana nan ba. Mun ba mutanen labarin Indiya. A can wani maganin shanu ne, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na mikiyoyinsu tun daga shekarun 1990, har aka hana ba dabbobi shi a 2006. Mushen da mikiya ke gamawa da shi cikin awa guda ya koma yana kwana yana ruɓa, karnuka suka sami abinci suka yawaita, ga cizon mahaukacin kare. Cikin angulu yana narkar da ƙwayar cutar saifa, kare kuwa jan mushen yake yi har bakin rijiya. Mai kashe kare da guba, in ya haɗa da angulu, karnukan baɗi yake ciyarwa. Limamin ƙauyen ya ce zai taɓo zancen a wajen tafsiri.

Da yamma mun leƙa gawo. Iyayen biyu suna nan.

6 ga Afrilu

Sheƙar tsamiya ba kowa. A jikin itacen akwai turakun da aka kafa aka taka aka hau, sababbi, ɗanyen itace ne. Ba wanda ya gani, domin ba wanda gonar ke hannunsa. Tazarar da ke tsakaninta da gawon Baba ba ta kai tafiyar awa guda a ƙafa ba, bambancin kawai can akwai tsoho da jikansa da wayar hannu.

Mun koma wajen dattijon kasuwa, ba da zargi ba. Ya ce shi ba a kawo masa ba. Ya kuma faɗi abin da ban zata ba: kusan duk larurar da ake nemo angulu dominta, akwai saiwa ko sassaƙen da iyayensu ke bayarwa a madadinta, sai dai mai saye ya fi ganin girman abin da ya yi tsada. Ya yarda zai tara 'yan'uwansa masu shimfiɗa da sarkin baka mu zauna, da sharaɗin kada mu zo da mai kaki, kada a ɗauki hoto. Mun amince.

11 ga Mayu

Ɗan gawo yana nan, ya yi girman iyayensa, ƙeya baƙa. Yana fitowa ya tsaya a kan reshe ya buɗe fukafukai ya kaɗa, ya koma. Bai tashi ba tukuna. Arɗo ya cika alkawari, ba a sake hawa ba, ko da yake bisashensa sun rame kamar na kowa a wannan wata.

An ɗage zaman 'yan shimfiɗa zuwa bayan babbar salla, sarkin baka ya yi tafiya. A kwata har yanzu ba mu ga mai baƙar ƙeya ko ɗaya ba, layin da muka ware mata a takarda babu komai a ciki.

Abin da ke gabanmu: mu nemo magadan gonar tsamiya, mu ji ko ɗayansu zai ɗauki nauyin itacen kafin Oktoba, don angulu kan dawo tsohon gidanta in ba a rushe shi ba. Ɗalibai za su zagaya da damina su rubuta duk dogon itacen da ke bakin gulbi da sunan mai shi a wani littafi da ba zai fita daga hannunmu ba. Muna son mu leƙa wajen dajin Baban Rafi in hanya ta yi kyau. Ranar angulu ta duniya Asabar ta farko ce a Satumba, bana 6 ga wata, kuma mahaucinmu ya ce in an samu fili a rediyo shi zai yi magana, ba ni ba. Madubin hangen nesa ɗaya gare mu, muna neman na biyu.